Burodin da Maharazu ya kasa faɗin na wane ne

Maharazu taubashina ne, ɗan gwaggona, kuma duk Magama Jibiya babu ɗan kabu-kabun da ya kai shi lodi. Na taɓa ganin ya ɗauko mata uku, akuya biyu da katifa daga Ɗan Issa, har da sauran wurin zama. Da jami'an duwan, wato kwastan na Nijar, yake ciniki da Faransancin da shi kaɗai ya san ma'anarsa. Baki gare shi kamar rediyo, sai dai in maganar iyalinsa ce. Nan fa sai ya koma kurma.

Da matarsa Zulfa ta haifi ɗan fari, ana gobe suna ya labto buhun burodi da katan na lemo zai kai Mazanya, ƙauyen iyayenta inda take wankan jego. To kowa ya san yadda ake kallon mai shiga ƙauye da burodi da yawa a zamanin nan: ana zargin 'yan bindiga yake kai wa. A shingen jami'an tsaro aka tare shi.

"Na wane ne?"

Namiji da kunyar ɗan fari, ya ce matata ta haihu? Sai gogan ya sunkuyar da kai. "Na wasu mutane ne, can ciki."

Ai kuwa ya kwana a tsare a Katsina. Surukinsa Baba Isah ya bi shi ya yi bayani, aka ce daga bakin mai kaya ake so a ji. Aka fito da shi gaban suruki, ya duƙa yana ta gaisuwa, gaisuwar da har yau ban ji ƙarshenta ba. Aka raɗa suna babu uba.

Ranar da za a nemi kotu ta ƙara masa wa'adin tsarewa, muka cika mota. Aka ce batun tsaro ne, a rufe za a yi, ko ƙuda ba zai shiga ba. Gwaggo ta zauna bakin ƙofa tana kuka, ni ina ta faɗa da ƙyaure. Mun san in aka ƙara wa'adin nan, sai yaro ya yi haƙora bai ga ubansa ba.

Lauyarsa Mufida ce ta ba mu labarin ciki. Ta ce masa, "Malam, dubi ɗakin nan. Ba surukinka, ba mahaifiyarka, ba wannan ɗan'uwan naka mai surutu. Faɗi."

Ya waiga hagu da dama, ya leƙa har ƙarƙashin benci, sannan ya ce wai an samu ƙaruwa a gidansu. Alƙali ya ce gidan wa? Ya ce nasa. Aka gwada da maganar Baba Isah da ta ungozoma, ta zo daidai. Alƙali ya ƙi ƙara wa'adi, ya ba da beli.

Da yamma muka isa Mazanya. Zulfa ta turo masa yaron, ya karɓa yana kallon rufin ɗaki, amma har aka kira magariba bai mayar ba.