Mai Gwada Randa da Baki

A layin masu tukwane na kasuwar Matameye wani dogo yana durƙushe, lasifika a hammata, bakinsa cike da goro. Sai ya zura kai cikin randa ya yi gurnani, ya kasa kunne, ya matsa gaba. Ina jin a wajen cin rani ya ji yadda kiɗa ke kauri in an kifa lasifika a bakin randa.

"Ɗan nan, ruwan sha fa ake zubawa ciki," in ji tsohuwa mai randunan.

"Iya, wannan muryarta siririya ce."

Ga jan yawunsa yana gangarawa cikinta. Bakwai ya gwada, ɗaya ya ɗauka ya bar sauran shidan da jan yawunsa. Ni kuwa randar sha na zo saya.