Sai Dai Abin da Ba a Rasa Ba

Yanzu idan aka yanke wa mutum hukuncin kisa, sai ya tsufa a kurkuku ana ɗaukaka ƙara, lauyoyi na jayayya, likitocin ƙwaƙwalwa na rubutu. A zamanin da nake magana, kafin a ba mu mulkin kai, takarda ce ke tafiya Kaduna ta dawo da sa hannu, shi ke nan.

Ina da shekara talatin da wani abu a lokacin. Na yi zaman Sudan a hanyar Makka, na yi fatauci a Kumasi, na dawo Kano da Larabci da Turanci da ɗan Fillanci. Shi ya sa ake kirana tafinta idan Bature zai yi magana da talaka.

Mutumin da zan ba da labarinsa ɗan garuwa ne a Gwale, ƙato, mai yawan murmushi. Wani mahauci ya saba tsokanarsa, yana kiransa angon jaka, yana zubar masa da ruwa mutane na dariya. Wata safiya ya sauke garwa, ya zare sandar da yake ɗaukarta da ita, ya kwaɗa wa mahaucin a ƙeya. Mutum fiye da goma sun gani. 'Yan'uwan mamaci suka ƙi diyya, aka yanke kisa.

Unguwa ta rabu biyu. Wasu suka ce gaula ne tun asali, bai san shekarunsa ba, har dariya yake yi a wurin jana'iza. Wasu suka ce wane irin gaula ne bai taɓa ɓatan gidan da zai kai ruwa ba, kuma sahun gaba yake sallah? Malamai na da kalmarsu, ma'atuhi, wato wanda hankalinsa bai cika ba amma bai kai hauka ba, kuma su ma sun saɓa a kansa. A Sudan na ga ana barin irinsu a ƙofar shehunai ana neman albarkarsu. Mu a nan aiki muke ba su, mu yi musu dariya.

Kafin takarda ta tafi, aka turo likita Bature ya duba shi. In ya rubuta cewa hankalin bai cika ba, ba za a rataye shi ba. Duk abin da likita ya tambaya, amsarsa ɗaya ce: haka ne, ranka ya daɗe. Ya san ya yi kisa? Haka ne. Bai san ya yi ba? Haka ne. Likita ya gaji, ya ce a kira uwarsa.

Ta zo daga Kabara, 'yar tsohuwa siririya. Ta zauna a ƙasa, ta ba ɗan nata baya, ko sau ɗaya ba ta dube shi ba. Likita ya lura, ya rubuta wani abu. Sannan ya ce in tambaye ta ko hankalinsa daidai yake tun yana ƙarami.

Na ce, "Iya, wai ɗanki lafiyarsa ƙalau tun yana yaro?"

Ta gyara zama. Can ta ce, "Yaron nan? Lafiya lau, mun gode Allah." Ta ja mayafi, ta ƙara a hankali, "Sai dai abin da ba a rasa ba."

Na gaya wa likita ta ce lafiyarsa lau, in ban da ƙananan abubuwa irin na kowa. Kalma da kalma ban yi ƙarya ba. Amma ni Bahaushe ne, na san ko wanda ke kan gargara aka tambaya lafiya zai ce lau, kuma na san duk maganar tana cikin wutsiyar nan da ta ƙara. Ina ji da Turancina a ranar, ina son Bature ya ga ba na kame-kame. Ya rufe littafinsa.

Takarda ta dawo bayan damina da sa hannu. Wani gandiroba ya gaya mini da safen da aka fito da shi za a rataye shi, tambayarsa ɗaya ce, ko in an gama za a mayar masa da garwarsa, don tun jiya gidan liman ba ruwa.

Bayan kwana bakwai wata mata ta tare ni a Ƙofar Nassarawa. Ta ce ita ce ƙanwar uwarsa, ita ta goye shi. Ta ce sai da ya shekara biyar ya yi tafiya, bai yi magana ba sai da ya fara famfara, allonsa kuwa bai wuce Fatiha ba.

"Malam, ɗan fari ne," in ji ta. "Ko sunansa ba ta faɗa, ta yaya za ta tona shi a gaban maza? Da ni kuka kira."

Ban tambaya ba ko na fari ne. Tambaya ce da kowace tsohuwa a unguwarmu za ta fara yi.

Har yau ban san iyakar hankalinsa ba, kuma mahaucin ma ya bar marayu uku. Na dai san an yanke shawara a kan amsar gaisuwa. Uwar ba ta sake fita ko biki ba har ta rasu. Ni kuma a shekarar na ajiye aikin tafinta na koma kasuwa, ban sake tsayawa tsakanin bakin wani da kunnen hukuma ba.