Farin Ƙyalle a Ƙarƙashin Zinariyar Tomezo

Ku matso. Akwai maganar da ta tsaya mini a wuya tun makon jiya, ko shinkafa ba ta wucewa. Maganar Tomezo mai awara ce, da abin da ya tarar a kafaɗar rigar kakan kakansa. Yanzu zan faɗa. To amma in ba ku san Tomezo ba, ai na yi asarar yawuna.

Gajeren dattijo ne, maƙwabcina a nan garin Kurosugi. Da asuba yana niƙa wake, da hantsi yana yanka awara, daga nan har faɗuwar rana allura ce a hannunsa. Duk shekara in ganye ya yi ja, garinmu kan maimaita yaƙin bakin gada a wasan kwaikwayo, yaƙin da sojan sarki suka murƙushe mayaƙan arewa tun zamanin kakannin kakanni. Masu shaguna su zama jarumai, mai raba wasiƙu ya mutu sau uku kafin abincin rana. Tomezo ne ke ɗinka wa kowa alamar kafaɗa. Sojan sarki, siririn jan siliki mai zaren zinariya. 'Yan arewa, farin ƙyalle mai kusurwa huɗu da baƙin tambari.

Ba a yi mutum mai tsantseni irinsa ba. Daga ƙetaren kogi yake jin warin zaren roba. Da hannunsa yake murza zarensa, ya rina da ɓawon itace, ya shanya a rana har ya koɗe daidai yadda yake so. Wata shekara ana tsakiyar yaƙi, hayaƙi ya turnuƙe, sai ya ratsa fili ya tsaya a kan wata gawa. "Tashi!" ya ce. "Ba a mutuwa a gadar nan da ɗinkin keke." Gawa ta tashi, ta ba da haƙuri.

Abin tinƙahonsa kuwa kakan kakansa, wanda ya zo daga kudu da rundunar sarki, ya auri 'yar gari, ya zauna. Rigarsa ta yaƙi na nan a akwatin katako. Abokinsa Hirokichi mai gyaran keken hawa jikan 'yan arewa ne, kuma a wasan, Tomezo ne ke sare shi kowace shekara.

"Hiro, bana ka faɗi da kyau. Bara kamar buhun dankali ka zube."

"In ka daina taka mini gemu zan mutu da mutunci, sojan awara."

To ga maganar. Kun ga, ban manta ba.

Bana asu ya shiga akwatin, ya cinye zaren da ya riƙe jan silikin. Tomezo ya ɗaga shi a hankali don ya ga bayan ɗinkin, abin da bai taɓa samun yi ba. A ƙarƙashi akwai farin ƙyalle, an ninke shi, an ɗinke. Da baƙin tambarin 'yan arewa.

Ya zauna a tabarma. Alamar maƙiyi a kafaɗar sojan sarki? Abu guda ne ya zo masa: kakan da ya yi shekara da shekaru yana taƙama da shi ɗan arewa ne da ya ga wuta ya sauya riga. Ga bikin ya matso, ga sabuwar rigarsa tana jiran alama. In ya kwaikwayi gaskiya, ya tona wa gidansu asiri. In ya ɗinka silikin kaɗai, shi da ya tashi gawa saboda ɗinkin keke ya zama babban maƙaryacin gadar.

Matarsa Fusae ta ce, "Baban yara, wa zai ɗaga kafaɗarka ya leƙa?" Ba laɓewa na yi ba, bangonmu na takarda ne.

"Allurata ta riga ta gani," ya ce.

Ya saƙa farin ƙyallen, ya zana tambarin, har tsagewar gefe ɗaya da ta yi kama da cizo sai da ya kwaikwaya. Ya ɗinke shi a ƙarƙashin silikin. Sannan ya aika a kira Hirokichi da tsakar rana, gara a yi masa dariyar a gama.

Ni kuma a daidai lokacin kwaɗayin awara ya taso mini. Na ɗauki kwano, na tsaya a bayan ƙofar ɗakin ɗinki, inda takardar ta ɗan yage.

Tomezo ya shimfiɗa tsohuwar rigar. "Ga shi nan. Yi dariyarka, ka biya kanka."

Hirokichi bai yi dariya ba. Ya kai hancinsa har kan ƙyallen, ya miƙe, ya fita ta ƙofar baya. Tomezo ya yi zaune kamar an dasa shi. Can sai ga ƙarar keke, Hirokichi ya dawo yana haki da ƙunshi a hammata. Rigar nasa kakan ce. A kafaɗarta babu alama, sai wani gurbi mai kusurwa huɗu da rana ba ta koɗar ba, da ramukan allura kewaye da shi.

"Ɗora," ya ce.

Tomezo ya ɗauki tsohon ƙyallen. Ya buɗe ninkin, ya ɗora. Rami ya hau kan rami, duk kewayen. Har guntun zaren da ya rage a rigar ya sadu da ɗan'uwansa. Na rantse muku gashin kaina sai da ya miƙe.

Hirokichi ya yi magana ƙasa-ƙasa. "Kakata takan ce, ranar nan duk wanda aka kama da farin ƙyalle sai an fille masa kai. Wani yaron soja ya kayar da kakanmu cikin ciyawar bakin kogi, ya ɗaga takobi, sai ya fasa. Ya cizge alamar da haƙori, ya shure shi, ya ce, gudu, kai manomi ne daga yau. Mun zaci tatsuniyar tsofaffi ce."

"Ya ɓoye ta inda ba mai ƙarfin halin bincikawa," in ji Tomezo. "Da an gani, kansa ne zai tafi."

Suka durƙusa a gaban rigunan biyu. Tomezo ya dafa tabarma da hannu biyu, ya sunkuya har goshinsa ya taɓa ƙasa. Hirokichi ya bi shi.

Da suka ɗago, Hirokichi ya share hanci da hannun riga. "Ashe duk shekarun nan a banza kake kashe ni, sojan awara."

"Bana sai a gyara. Zan ɗinka naka da zaren da haƙori zai tsinke."

"Da waɗannan haƙoran naka na roba? Kar ka bar mini su a kafaɗa."

Dariya ta suɓuce mini, kwanon ya bi ta. Ƙarar da ya yi, har kurman tsohon da ke sharar wurin bauta ya ji.

Ƙofa ta zuge. Tomezo ya dube ni, ya dubi kwanon da ke ta juyi a ƙasa.

"Otane-san," ya kira sunana cikin ladabi. "Awarar tana gaban shago, ba a nan ba."

Na sunkuya na ɗauki kwanona.

"Shigo ki durƙusa ki duba da idonki," ya ce. "Na san kafin yamma gari ya ji. To ki faɗe shi daidai. Kika ƙara zare ɗaya, zan gane."