Tokar Baffa

Shekara ashirin da shida Baffa, ƙanen mahaifinmu, ya yi yana dafa abinci a sansanin matasa da ke bayan ƙauyenmu na asali. Dangi abin kunya suka ɗauki wannan, wai gandamemen namiji da ludayi. Ana kuma yi masa dariya don kullum sai ya ɗauki bokitin toka, ya wuce juji, ya nausa cikin ciyawa kafin ya zubar. Ba wanda ya taɓa tambayarsa dalili, har da ni, kuma abin yana ci mini rai har yau.

An daɗe da rufe sansanin. Bana wani kamfanin gine-gine ya sayi filin, aka ce in muna da kaburbura a ciki mu nuna, a kewaye su. Muna da su kuwa, kakanninmu duk suna can. Sai dai duwatsun da ke kansu tuni matasan sansanin suka kwashe, suka shafa musu farin fenti, suka jera a gefen hanya wai ado.

Na ce a ɗauko Baffa. Yaya, babban wanmu, sarkin ji da kai, ya ce me makahon tsoho zai nuna mana, ga taswira a waya. Kwana uku muna bin wayar nan kamar awaki, daga rusasshen ɗakin kwana zuwa tankin ruwa, ƙaya tana yagar mana wando, katafilar kamfanin kuwa tana ta aikinta daga gabas. A rana ta huɗu haƙurina ya ƙare, na je na sako Baffa a mota ba tare da na shawarci kowa ba.

Ya ce a zaunar da shi a bakin tsohon kicin. Ya shafa bango, ya nuna da sandarsa, ya ce in yi taku ɗari da ashirin.

"Ka tona, ba zurfi. In ka ga toka, ka bi ta."

Ashe ranar da aka kwashe duwatsun ya je ya yi wa shugaban sansanin magana, aka ce ya koma kan tukunyarsa. Shi ne ya shiga zagaye maƙabartar da toka, bokiti bayan bokiti, har ya bar aiki.

Muka bi farin layin a cikin ƙasa, kudu, yamma, arewa. A gabas ya yanke, daidai inda haƙoran katafila suka bi jiya da rana.

Baffa ya ji mun yi tsit. Ya tambaya ko gabas lafiya, don can ya binne matarsa da jaririnsu.

Yaya ya ƙyafta mini ido, wai in ce lafiya lau. Don haushi na kamo hannunsa, na tsayar da shi a gaban tsohon.

"Ga Yaya nan, Baffa. Shi zai faɗa maka."