Ruwan Idon Baba Tayil

Duk unguwar ba mai kiransa da sunan yanka. Baba Tayil ake ce masa, har matarsa idan tsokana ta motsa mata. Tun yana saurayi yake durƙushe a gidajen mutane yana shimfiɗa musu tayil. Ya yi wa attajirai falo, ya yi banɗakunan da suka fi ɗakin kwanansa faɗi, da yamma kuma ya kaɗe siminti daga wandonsa ya koma ɗaki biyu na haya a bayan gidan burodi. A nan aka haifi yaransa, a nan suka girma suka watse.

Gwiwoyinsa ne suka fara yi masa tawaye. Da farko ƙara suke yi in zai miƙe, daga baya sai ya dafa bango, har ta kai yana salla a kan kujera. Likita bai ɓoye masa ba: in ya ci gaba da durƙuso, sanda ce za ta biyo baya. Ana cikin haka 'yan'uwansa suka sayar da tsohon gidan mahaifinsu, aka ba shi kasonsa. Ba dukiya ba ce ta a zo a gani, amma a lokacin tana iya sayen gida mai ɗakuna a garin da ƙasa ba ta yi tsada ba. Mijin babbar 'yarsa ya ba shi shawara ya bar wannan birni da ya fi ƙarfin talaka, ya koma inda zai zauna a sashe ɗaya, ya zuba 'yan haya a sauran. Baba Tayil ya ji maganar har cikin ransa, don abu ɗaya ya rage masa a duniya: kada ya sake durƙusawa don neman abinci.

Matarsa ba ta ɓata lokaci ba. Ta nemo kwalaye daga shagon maƙwabci ta ɗaure kwanuka da labule, ta yi sallama da matan layi har da 'yan hawaye.

Shi kuwa ya shiga mota. Ya fara da garin da aka buɗe sabuwar jami'a, inda ɗalibai ke neman ɗaki ido rufe. Dillali ya kai shi wani gida mai kyau, da rijiya, da ɗakuna jere, kuɗin kuma daidai aljihunsa. Da wani ne ya gani, da ya biya a tsaye. Baba Tayil sai ya ciro makulli, ya sunkuya da ƙyar, ya fara ƙwanƙwasa tayil ɗin ƙasa.

"Ka ji?" ya ce wa dillalin. "Fanko ne a ƙasa. Ba su cika siminti ba."

"Baba, 'yan haya ba sa ƙwanƙwasa ƙasa. Kwanciya suke yi."

"Dubi layin nan, ya karkace kamar tafiyar maye. Wanda ya yi wannan bai ji tsoron Allah ba."

Ya ce zai yi tunani. A mota ya tuna cewa ɗalibai ɓarna gare su, kuma in an yi hutu gari zai mutu. Sai ya nufi garin masana'antu. Can ma'aikata ne masu albashi, amma hayaƙi ya sa shi tari, kuma wani a tasha ya ce masa kamfani yau yana nan, gobe ya rufe. Ya leƙa garin da 'yarsa ke aure, ya ga alamar ruwa a gindin katangu, ya kuma ce shi ba zai zauna inda suruki zai riƙa ganin shanyar wandonsa ba.

Gaskiyar magana, ba garin da ba shi da aibu, kuma shi ya fi kowa sani. Tsoro ne kawai. Mutumin da bai taɓa riƙe abu mai kauri ba, ya san in ya sake shi ba zai sake samun wani ba, sai ya ƙanƙame. Ya zagaya garuruwan nan har direbobi suka san shi, suna ajiye masa kujerar gaba saboda ƙafa. Dillalai suka daina ɗaga wayarsa. Damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo.

A gida, kwalaye sun yi laushi, ɓeraye sun yi ɗaki a cikin na labule. Matan da aka yi wa sallama sukan leƙo su ce, "A'a, Maman yara, har yanzu kuna nan?" Ita sai ta yi dariyar yaƙe. Wata rana da ya dawo yana jan ƙafa, ta ajiye masa ruwa ta zauna a kan kwali.

"Baban yara, na gaji. Ko tukunya zan ɗauka sai na kwance igiya. Ruwan idon nan naka zai kashe mu a gidan haya."

"So kike in sayi gidan da zai ba ni kunya?"

"Wa zai zo duba maka ƙasa? Ni rufi nake so da ƙofar da ba mai buga mana ita ƙarshen wata."

Shi ma ya gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta. Washegari ya koma garin jami'a, ya nemi dillalin farko, ya ce ya zo biyan gidan nan mai rijiya.

Dillalin ya yi masa kallon tausayi. Gidan an daɗe da sayar da shi, yanzu cike yake da ɗalibai, igiyar shanya ko'ina. Irinsa kuwa ya ninka kuɗi. Ya ɗauke shi a babur zuwa bayan gari, inda kwalta ta ƙare, ya nuna masa abin da kasonsa zai iya saye yau: kango, an yi rufi, ba filasta, ba tagogi, ƙasa kuma jar ƙasa ce da kashin awaki.

Baba Tayil ya tsaya a tsakar falon yana auna faɗinsa da ido, ba da son ransa ba. Ya san buhun siminti nawa zai ci. Ya san kuma ba shi da abin biyan ma'aikaci, ba shi da na simintin ma sai ya yi wa wasu aiki tukuna. Ya zauna a kan bulo, ya kira matarsa a waya.

"Na samu," ya ce. "Zan biya."

Ta shiga hamdala. Ya bari ta gama.

"Maman yara, akwatin kayan aikina da na ce ki ba ɗan ƙanwarki, ya ɗauka?"

"Ai tuni. Har ya fara aiki da su."

Ya daɗe yana murza gwiwarsa ta dama.

"Ki ba shi haƙuri," ya ce. "Ki ce ya dawo mini da su."