Ranar da Na Mayar da Garba Uku Mutum Ɗaya

Har gobe ban manta da ranar da na kunyata kaina a Burkusuma ba, gaban dattawan gari.

A shekarar damina ta yi gardama. Sau biyu ana shuka, rana tana ƙonewa. Ƙungiyar manoman da nake wa aiki a Sabon Birni ta samo irin gero mai saurin nuna, za a raba wa magidanta su gwada shuka ta uku. Ni ne mai kula da kwamfuta, muƙamin da nake ji kamar rawani aka naɗa mani.

Ga yadda aikin yake. Manhajar rajistarmu ba da hannu nake rubuta ta ba. Nakan gaya wa wata manhaja mai basira abin da nake so, ita ta rubuto. Wanda na gada, Malam Isiya, ya bar mani gwaje-gwajen da ke duba manhajar da kansu duk sanda aka sabunta ta: in lafiya su nuna kore, in da matsala su nuna ja. To, ko akwati ɗaya na matsar a fom, sai su yi ja, in ɓata wuni ina lallashinsu.

Na sami shugabarmu, Hajiya Balki.

"Hajiya, za ni goge gwaje-gwajen nan. Inji ya rubuta manhajar, mi za a gwada? Lokaci kawai suke ci."

"Malam Nasiru, ka tabbata?"

"Haba Hajiya, ni da na karanci abin?"

Litinin na goge su. Talata na sa aka gyara manhajar ta cire sunayen da suka maimaitu, don wasu sun yi rajista sau biyu. Ta cire. Ba ja, ba kore, ba mai musu da ni.

Alhamis muka isa Burkusuma da irin, daidai yawan sunayen da ke jerin. An sami ruwa kwana biyu kafin nan, kowa na sauri kafin ƙasa ta bushe. Na gyara tabarau, na kira, "Garba Umaru!"

Mutum uku suka miƙe. A jerina ɗaya ne.

Babbansu, wanda ya taso da jakinsa daga wani ƙauye na bakin iyaka, ya ce, "Ɗana, wanne daga cikinmu?"

Da bakina na ce, "Baba, kwamfuta ta ce ku mutum ɗaya ne."

"To, tambaye ta gonar wa za mu shuka, don gonakin dai uku ne."

Jama'a suka kwashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya ce, "Danshin ƙasa ba ya jiran kowa, ɗana."

Ashe ba Garba kaɗai ba ne. Su Muhammadu da su Abdu duk an dunƙule su. Hajiya ta ce in rufe kwamfutar, aka kira mai unguwa yana nuna mutane ɗaya bayan ɗaya. Irin bai isa ba, sai washegari muka kawo wa sauran. Na ci masu kwana guda na shuka, a shekarar da kwana guda ba abin wasa ba ne.

Da na koma ofis na dawo da abin da na goge. A ciki na tarar da wani ɗan gwaji da Malam Isiya ya sa wa suna "suna ɗaya ba mutum ɗaya ba". Ina kunna shi ya yi ja wur.

Na zauna na tantance su. Mafi yawa launin maɓalli da wurin akwati suke dubawa. Na sake goge su, ban yi nadama ba. Na bar 'yan kaɗan da ke tsaron suna, ƙauye da rabon mutum. Su kam ko wuni za su ci mani, ina ba su.

Abin da nake gaya wa sababbin ma'aikata ke nan: ku gwada wurin da kuskure zai taɓa cikin wani. Inji ya fi mu saurin rubutu, amma bai taɓa zuwa raɗin suna a ƙasar Gobir ba, bai san gida nawa ke da Garba ba.