Kafinta Guduma da Maganin Ƙusa

Guduma ake ce masa a layin kafintoci, saboda bakinsa. Shekara ashirin da shida yana yin kujeru da ƙofofi a shago ɗaya, bai taɓa yi wa mutum aikin ha'inci ba, bai kuma taɓa yi wa mutum bayani sau biyu ba. Abokan aiki sun zo sun tafi. Wanda ya jure zama da shi kawai wani kare ne da ya tsinta a bayan shagon yana ɗan kwikwiyo, siriri har ya laƙaba masa Ƙusa.

A shekararsa ta bakwai Ƙusa ya daina tashi in an buɗe shago. Yana kwance cikin garin katako yana haki, ko ƙashi aka jefa masa sai dai ya bi shi da ido. Guduma ya ɗaga leɓensa, ya ga dasashin ya yi fari fat. Ya sa shi a amalanken ɗaukar katako ya tura har asibitin dabbobi, maƙwabta na tambayarsa ko kujera ce zai kai wa mai ita.

Likitar, wata mace mai magana a hankali, ta ce garkuwar jikin karen ce ta juya tana cinye jininsa. Ta ba shi farar ƙwaya da za ta danne garkuwar, a ba shi tare da abinci, kada a tsallake ko rana ɗaya. Ta ƙara da wata mai kwanso ta kare ciki, a ba shi rabin awa kafin ya ci komai, domin farar tana iya yi wa ciki gyambo. Ta kuma ja masa kunne: kada maganin ciwon jiki na mutane ya kusanci bakin karen nan.

Guduma ba mai son takarda ba ne. Sai ya ƙera akwati mai gida goma sha huɗu, safe da yamma na kwana bakwai, kowane gida da murfinsa. Karen ya koma shan ruwa kamar raƙumi, yana fitsari a gindin kowane benci, yana cin abinci kamar an aiko shi. Guduma na shara yana zaginsa, amma dasashin ya fara yin ja.

Ana haka aikin rufin wani gida ya taso masa a wani gari, na kwana huɗu. Ya kira ƙaninsa, direban babbar mota da ke hutu, ya miƙa masa akwatin. Ya ce wannan kafin abinci, wannan da abinci, kada ya ƙara kada ya rage. Da ƙanin ya tambayi amfanin kowacce, ya ce masa ba makaranta ya buɗe ba.

Ranar da ya dawo ya tarar da Ƙusa a ƙarƙashin teburin aiki, ya yi amai da jini, ga kashi baƙi kamar kwalta a bakin ƙofa. Ya buɗe akwatin. Fararen ƙwayoyin an bayar, masu kwanson duk suna nan. A kan taga kuma ga fallen maganin ciwon baya da ƙanin ke sha, an ɓalle guda shida.

Ƙanin bai ɓoye ba. Ya ce jiran rabin awar nan ne ya ga ba shi da amfani, karen na kukan yunwa. Ya kuma ga yana tashi da ƙyar, sai ya tausaya masa da abin da ke taimakon bayansa.

"Tausayi? Kai da mota ma ba ka zuba mata man da ba nata ba!" Guduma ya ɗauki zarto ya maka shi da bango har ya lanƙwashe. "Fita min daga shago."

"Yaya, na tambaye ka, ka ce ba makaranta ka buɗe ba."

A asibiti likitar ta sa wa karen ruwa, ta nemo jini daga wani kare aka ƙara masa. Guduma na tsaye yana zayyana mata wautar ƙaninsa. Ta bar shi ya gama, sannan ta tambaye shi ko ya gaya wa ƙanin zancen maganin ciwon jiki. Ya tuna bai gaya masa ba. Haushin ya ninku, don yanzu bai san inda zai sauke shi ba. Ya fita ya yi ta zagaye harabar asibitin.

Kwana biyar Ƙusa ya yi kafin a sallame shi, da ƙarin wani maganin ruwa mai lulluɓe gyambo, wanda sai an raba shi da sauran da awa biyu. Wata shida aka ɗauka ana rage farar ƙwayar kaɗan-kaɗan. Guduma bai sake karɓar aikin da zai kwana a waje ba.

Ƙanin ya zo gaisuwa sau uku, yayan yana amsa masa da ka, yana ci gaba da goge katako. A zuwa na huɗu ya zaunar da shi a benci, ya karanto masa magungunan ɗaya bayan ɗaya da dalilin kowanne, da faɗa, kamar mai karanta wa ɓarawo laifinsa. Ƙanin ya saurara har ƙarshe. Da ya tashi tafiya, Guduma ya ce masa ya rage shan ƙwayar bayan nan, shi ma ciki gare shi.